Haƙorin Hankali

A hoton Ƙaramar Sallah na fara lura. Mun jeru a tsakar gida, ni da Inna da yara, ƙanena ya ɗauke mu da salula. Da dare ina kwance ina jan hoton da yatsu biyu, irin yadda mukan yi don mu ga ko ɗaurin kallabi ya zauna. Kowa ya washe baki ana dariya, ban da mutum ɗaya. Babbar ƴata ta haɗe leɓɓanta gam, kamar wadda ake ɗauka hoton katin ɗan ƙasa. Na koma baya cikin wayar: hoton buɗa-baki, hoton bikin ƴar maƙwabta, hoton suna, duk haka take. Wata da watanni yarinyar nan ba ta buɗe baki gaban kyamara ba, muna kwana gida ɗaya, ban sani ba.

Kada mai karatu ya jira sunanta, ba zai ji ba. Ƴar fari ce, ni kuma a Birnin Damagaram na tashi, a gidan da uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari ko da mantuwa. Ina da shekara 21 na haife ta. Da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, ni kuma na tafi Yamai karatun aikin jarida a IFTIC. Ta tashi tana kiran Inna da Inna, ni kuma Tanti, har yau ba ta sake ba. Inna tana ce mata kishiya, ni ina ce mata "ke" ko "ƴar Inna". Mutanen yanzu suna ganin wannan kunya tsohon yayi ce, ni ma na sha yin shiri a kanta a radiyo ina nuna kamar na wuce wurin. A gida ban wuce ba. Ina iya zama awa biyu gaban makirfo ina yi wa babban mutum tambayar da ba ya so, amma in ce wa yarinyar nan "me ke damunki?" sai harshena ya yi nauyi.

Haƙoranta kuwa suna da tarihi a gidanmu, domin sun ci dukiya. Tun tana firamare na samanta biyu suka turo gaba har leɓe ba ya rufe su, yara suka laƙaba mata zomo. Da ta shiga kwaleji yayana da ke Yamai ya ce a ba shi ita ta yi karatu tare da ƴaƴansa, a can ne aka sa mata waya a haƙori. Shekara biyu tana yawo da ƙarfe a baki. Kwasar adashe biyu na zuba a ciki, na haɗa da ƴan kunnen zinarin da aka yi mini na aure. Ranar da aka cire wayar yayana ya turo mini hoto, haƙora sun jeru reras kamar an ja musu zare. Likita ya ba ta wata roba mai haske da aka ƙera daidai bakinta, ya ce ta riƙa sawa kowane dare in za ta kwanta, don kada haƙoran su koma inda suka fito. Ta ci BEPC, ta dawo Damagaram ta shiga lise. Robar tana cikin wani ɗan akwati shuɗi a kan tagar ɗakinta, kullum bayan isha'i ina ganinta ta ɗauki akwatin ta shiga bayi, ta fito ta kwanta.

Washegarin ganin hoton na kira ta. "Ke, zo ki buɗe baki in gani."

Ta yi jim, ta dubi ƙofa, sannan ta buɗe. Na sama suna nan lafiya lau. Na ƙasa ne: cikin biyun tsakiya ɗaya ya karkace ya hau kafaɗar ɗan'uwansa, na gefensu kuma ya ja da baya. Baƙo ba zai gani daga nesa ba. Ni da na san abin da na sayar, gabana ya faɗi.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara muka shiga kar zuwa Yamai. Wanda bai taɓa yin hanyar ba, kusan kilomita 900 ce: Tasawa, Maradi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Ka tashi kafin asuba, ka isa dare ya yi, ƙafafu sun kumbura. Likitan da ya sa mata wayar ya bar ƙasar, sai yayana ya kai mu wani wuri da ake yabo. Wuri ne tsaf, likitan matashi ne mai ladabi. Ya duba bakinta ya ce sai an yi radiyo. A wajenmu hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti shi ma radiyo ake ce masa, don haka na ce masa ai ni kullum a cikin radiyo nake kwana nake tashi. Ya yi dariyar ladabi ya miƙa mana takarda.

Hoton ya fito da muƙamuƙinta gaba ɗaya, daga kunne zuwa kunne. Ya ɗora shi a kan haske, ya nuna kusurwa huɗu da alƙalami. A kowace kusurwa akwai haƙori ɗaya binne cikin ƙashi, kamar gyaɗar da ba a tona ba. Ya ce yaro yana da haƙora 20, babba yana da 32. Turmin farko yakan fito wajen shekara 6, na biyu wajen 12, na ukun nan shi ne auta, yakan leƙo tsakanin shekara 17 da 25, shi ya sa Turawa suke kiransa haƙorin hankali. Kafin ya iso, wuri ya riga ya cika.

"Madam, da kar kuka zo, ko? To ki ɗauka kar ce ta cika maƙil, aka ƙaro fasinja huɗu a Doso. Dole na gaba su matsu. Su ne ke turo na gaban nan."

Shawararsa a cire duka huɗun yanzu, tun saiwoyinsu ba su gama kafuwa ba, ƙashi yana da taushi, rauni yana saurin warkewa. Jika 240. Akwai wuri ranar Alhamis.

Hujjar ta shige ni nan take, ga shi jiya-jiya na sauko daga irin kar ɗin da yake faɗa, har yanzu kafaɗata tana tuna buhun albasar da aka jingina mini daga Madawa. Ban da haka, kowace Talata da safe ina gabatar da shirin kiwon lafiya, kuma ba na rufe shi sai na ce rigakafi ya fi magani. Ga rigakafi an kawo mini har gida, in ƙi? Na juya na dubi yarinyar. "Kin ji abin da lokotoro ya ce. Kin yarda?"

"Duk yadda kika ce, Tanti."

Na kira maigida. Ya yi shiru na ɗan lokaci, na san lissafin shago yake yi a kansa. Ya ce, "Ke ce ƴar boko, abin da kika gani shi ne. Kuɗi dai sai an taɓa jari, amma lafiyarta ta fi." Sai na kira Inna, da niyyar in sanar da ita kawai, ba shawara nake nema ba.

"Ciwo suke mata?"

"A'a, Inna."

"Sun fito?"

"Ba su fito ba tukuna."

"To haƙorin da bai fito ba, bai yi ciwo ba, shi za a tsaga naman kishiyata a tono? Ke ƴar nan, ba ke ce kike shiga radiyo kina faɗa da wanzamai a kan hakin wuya ba? Ko don wannan wanzamin yana da farar riga?"

Raina ya ɓaci. Hakin wuya, wanda wasu ke kira beli, shi ne ɗan naman nan da ke reto a can cikin maƙogwaro. A ƙasarmu har yanzu akwai gidajen da wanzami ke yanke wa jariri shi cikin kwanakin farko, wai in an bar shi zai yi tsawo ya hana shan nono, ya kawo amai da rama. Na yi shirye-shirye a kan haka ba adadi. Uwaye sun kira ni kai tsaye suna kuka a kan jinin da ya ƙi tsayawa. Kullum tambayata ga masu kare al'adar ɗaya ce: wa ya tabbatar muku cewa da an bar shi da ya cutar? Na ce wa Inna wannan daban ne, nan akwai ilimi, akwai hoto, akwai kayan aiki masu tsabta da allurar kashe zafi. Har gobe ina kan bakana cewa likita da wanzami ba ɗaya ba ne. Amma da na kashe wayar sai na ga tambayar da nake jifan mutane da ita ta dawo ta zauna a cinyata, ni kuma ban yi wa likitan ita ba.

Akwai malaminmu a makarantar jarida da yakan mayar mana da takarda in ya ga majiya ɗaya ce a ciki, ya ce labari mai ƙafa ɗaya ba ya tsayuwa. Na yi shekaru ina bin wannan doka a kan labarin farashin gero da rikicin fili, ga shi zan karya ta a kan bakin ƴata. Na kira asibitin na ce a ɗaga mana Alhamis ɗin.

Dare biyu na yi a farfajiyar gidan yayana, sauro yana cina, ina karatu a waya. Abin da na fara ganowa shi ne su kansu likitocin duniya bakinsu bai zo ɗaya ba. A Amurka cire haƙoran hankali tun ba su yi ciwo ba ya zama kamar al'ada ga matasa. Wani likitan haƙori na can, Jay Friedman, ya rubuta a 2007 cewa ana cire haƙora kusan miliyan 10 daga bakin mutum miliyan 5 kowace shekara, a kan kuɗi sama da dalar Amurka biliyan 3, kuma a ganinsa aƙalla kashi biyu cikin uku ba su da dalili. Likitocin tiyatar baki na ƙasar ba su yarda da shi ba, amma a 2008 ƙungiyar kula da lafiyar jama'a ta Amurka ta fito ta ce ba ta goyon bayan cirewar rigakafi. A Ingila kuwa tun shekarar 2000 hukumar NICE, mai tsara wa asibitocin gwamnati abin da ya dace su yi, ta ce a daina cire haƙorin hankalin da ba shi da cuta, ko da ya maƙale bai fito ba. Sai in ya ruɓe yadda ba zai gyaru ba, ko ya tara mugunya, ko ya yi ƙullutu a cikin ƙashi, ko dasashin da ke kansa yana ta kumbura yana komawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani gwaji da aka yi a Biristol, aka buga a 1998, domin kamar don ni aka yi shi. An ɗauki matasa 164 da suka gama gyaran haƙori da waya, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka cire musu haƙoran hankali, rabi aka bar musu. Bayan shekara biyar da ɗoriya aka samu 77 daga cikinsu aka auna cunkushewar haƙoransu na gaba. Bambancin bai wuce kusan milimita 1 ba, abin da masu binciken suka ce bai kai a yi wa mutum tiyata a kansa ba. Na ɗauko rula daga jakar ɗan yayana na dubi milimita ɗaya. Kaurin farcena ne, ko ya ɗan fi. A Jami'ar Washington da ke Siyatil kuma, inda aka shafe shekaru da yawa ana bin mutanen da aka yi wa waya, an kwatanta waɗanda haƙoran hankalinsu suka fito, da waɗanda nasu suka maƙale, da waɗanda aka cire wa, da waɗanda Allah ya halitta babu su sam. Duka rukunan huɗu haƙoransu na gaba sun cunkushe da tafiyar shekaru, kusan daidai wa daida. Wanda ba shi da fasinjan Doso ma ya matsu.

Da a nan na tsaya da na yi barci da daɗi, amma aikina ya koya mini in nemi mai ƙaryata ni. Na same shi. Bayan dokar nan ta Ingila ta yi shekaru tana aiki, wasu likitocin can sun yi ƙorafin cewa masu zuwa cirewa yanzu sun fi manyanta, kuma ana yawan ganin haƙorin da ya kwanta a karkace ya tara abinci har ya ruɓar da turmin da ke gabansa, a yi asarar biyu maimakon ɗaya. Gaskiya ne kuma cewa cirewa ta fi sauƙi a ƙuruciya, kamar yadda likitanmu ya faɗa. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara bincike ta tace, ta sake duba batun a 2020 ta ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci ba, ko a cire lafiyayyen haƙorin da ya maƙale ko a bar shi. Ashe tambayoyi biyu ne na cakuɗa. Ko cirewa za ta hana na gaba karkacewa? Wannan amsarta ta fito fili, ba za ta hana ba. Ko haƙoran za su ba ta wahala nan gaba? Wannan sai an dubi bakinta ita kaɗai.

Na tuna wata dattijuwar likitar haƙori da ta yi karatu a Dakar, na taɓa hira da ita ta waya a shirina. Ta ce mu zo da hoton. Ta daɗe tana kallonsa ba ta ce komai ba, sannan ta kwantar da yarinyar ta duba bakin da ɗan madubi, ta taɓa dasashi can baya, ta tambaye ta ko tana jin zafi in tana tauna, ko wari, ko kumburi. Babu ko ɗaya. Ta kira ni kusa da hasken.

Uku daga cikin haƙoran a miƙe suke, ta ce, kuma da alama za su sami wuri, domin muƙamuƙin yarinya mai shekara 16 bai gama girma ba. Na ƙasa ta hagu ne ya ɗan kishingiɗa ya dubi maƙwabcinsa, shi za a sa wa ido. Ta nuna mini wani siririn layi mai duhu da ya ratsa ƙashin ƙasa, ƙarƙashin haƙoran. Hanyar jijiya ce, ita ke sa mutum ya ji leɓensa na ƙasa da haɓarsa. In aka taɓa ta wajen aiki leɓe yakan mutu, mutum ya sha ruwa yana zuba bai sani ba. Yawanci yakan dawo bayan makonni ko watanni, jefi-jefi ba ya dawowa. Akwai wata kuma ta gefen harshe. Akwai ramin da gudan jininsa ke faɗuwa bayan kwana biyu ko uku, ƙashi ya zauna a buɗe, zafinsa ya hana barci. Ta ce duk waɗannan ba dalilin gudun aiki ba ne in akwai cuta, ita ma tana cire irinsu kowane mako. Amma a ɗauki kasadarsu don a tsare jerin haƙoran gaba, an biya kuɗin kayan da ba za a kawo ba.

Na ce, "To lokotoro, me ya karkatar da su?"

Ta ce haƙori ba ƙusa ba ne da aka kafa a katako. Wasu ƙananan zaruruwa ne ke riƙe da shi cikin ƙashi, kuma bayan an ja shi da waya zaruruwan nan sukan daɗe suna neman mayar da shi gidansa na da. Ga leɓe yana dannawa ta waje, harshe ta ciki. Ga muƙamuƙin ƙasa da ke ci gaba da girma har mutum ya haura ashirin. Haƙoran kowa, mai waya da marar waya, suna matsowa gaba a hankali muddin yana raye. Abin da ke tsare su shi ne robar dare, ko siririyar waya da ake mannawa ta bayansu. Sai ta juya ga yarinyar, da murya ƙasa-ƙasa.

"Ƴata, ina robarki? Kawo in gwada."

Yarinyar ta buɗe jaka ta fito da akwatin shuɗi. Ta riƙe shi da hannu biyu ba ta miƙa ba. Likitar ta karɓa ta buɗe. Babu komai a ciki.

Ban san tsawon shirun da aka yi ba. Likitar ce ta ce tana da abin dubawa a ɗakin gaba, ta fita ta ja mana ƙofa. Maganar ta fito gutsi-gutsi, tana kallon ƙasa. Wata takwas ke nan. Ta kwana gidan Inna, da safe ta makara, ta naɗe robar a takarda ta jefa cikin jakar makaranta. Lokacin shan iska ta zazzage jakar ta zubar da tarkacen takardu. Sai da dare ta tuna. Washegari ta je ta tona juji da hannunta, an riga an ƙone. Tun daga ranar kullum take ɗaukar akwatin ta shiga bayi, ta ƙirga ɗari, ta fito.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ƴan kunnenki, Tanti. Inna ta gaya mini kin sayar."

"Shi ne za ki kwanta a tsaga miki baki wuri huɗu, kina sane ba su ne suka yi laifin ba?"

"Na ga in an cire kin huta."

Ni da nake ce wa mutanen jiha guda su kira su faɗi abin da ke ransu, layi a buɗe yake, ƴata ta zaɓi wuƙa a kan ta gaya mini ta yar da roba. Na so in yi faɗa, faɗan bai zo ba. Na so in rungume ta, hannuna bai saba ba. Abin da na iya shi ne na karɓi akwatin na rufe na sa a jakata, na ce, "Share hawayenki kada lokotoro ta dawo ta ce dukanki na yi." Ta yi dariya cikin kuka, baki buɗe. Rabona da ganin haƙoranta haka tun kafin azumi.

Ban riƙe likitan farko a zuciya ba. Abin da ya faɗa shi ne abin da aka daɗe ana koyarwa, kuma akwai ƙwararru da har yanzu suke ganin gara a cire da wuri. Ya tambaye ta ko tana sa robar, ta ce e, ni ma na ce e, na ƙara da cewa da idona nake gani. Da labarin da muka ba shi ya yi aiki. Ko da ta faɗa masa gaskiya, wataƙila da shawararsa a kan haƙorin hagun nan ba ta sake ba, kuma ba zan rantse cewa ya yi kuskure a kansa ba.

Ga abin da muka tsayar. Ba a cire ko ɗaya ba. An auna bakinta aka yi sabuwar roba, jika 35, wadda za ta tsare haƙoran a inda suke yanzu kada su ƙara tafiya. Karkacewar da ta riga ta faru roba ba ta gyara ta, sai an mayar da waya na ƴan watanni, wannan kuma sai kwasar adashena ta zagayo, in ita mai bakin tana so. Kowace shekara za a duba ta, a sake hoto in likita ta ga da buƙata. An rubuta mata abubuwan da in ta ji su ba za a jira hutu ba: kumburi ko zafi a can ƙarshen dasashi, wari ko ɗanɗanon mugunya, baki ya ƙi buɗuwa sosai, abinci ya riƙa maƙalewa bayan turmin ƙarshe. An koya mata yadda za ta kai buroshi ko asawaki har can lungu idan haƙoran suka fara leƙowa, domin a nan ne ɓarna ke farawa.

Wannan zaɓi yana da nasa nauyin, kuma ina jin sa. Barin haƙori a sa masa ido yana da sauƙin faɗa ga wanda likitansa ke bayan gida. Mu tsakaninmu da wadda ta san bakin nan tafiyar yini ce cur. Yarinya za ta girma, ta yi aure ko ta tafi karatu wani gari, wa zai tuna mata? In haƙorin hagun nan ya tashi da ita tana da shekara 30, da ciki ko da goyo, ƙashi ya yi tauri, saiwa ta kusanci jijiya, zan tuna Alhamis ɗin da na ɗaga. Na faɗa wa likitar haka. Ta ce shi ya sa ba ta ce an gama magana ba, ta ce a dawo. In nan da shekara biyu ya ƙara kwanciya, ita da kanta za ta ce a cire shi, shi kaɗai, da dalilinsa. Lokacin yarinyar ta kai 18, da bakinta za ta amsa.

Masu saurare sukan tare ni a Kasuwar Dole su ce in ba su shawara a kan ciwo, nakan ce ni mai tambaya ce, ba mai magani ba. To ga tambayoyin da na koya, ga duk wanda aka ce a cire wa ɗansa haƙoran nan. Wace cuta ce a jikin haƙorin yau, a nuna mini ita a hoto? In don kada na gaba su karkace ne, mece ce shaidar cewa cirewa tana hanawa? In an bari shekara ɗaya, me ake tsoron zai faru? Dole ne duka huɗu, ko kowane da hukuncinsa? Ina jijiya take? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan. Akwai kuma wadda ba likita ake yi wa ba, ita ce na tsallake tun a tsakar gida, ranar da na ce ta buɗe baki in gani, na duba haƙoran ban dubi fuskar ba.

A hanyar komawa ta yi barci tun daga Doso, kanta a kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana goye. Ban motsa ba har Dogon Dutsi, hannuna ya mutu, na bar shi. Da muka isa gida Inna tana zaune a tabarma tana jiranmu. Ta sa kishiyarta ta buɗe baki, ta leƙa da fitilar salula kamar mai ƙirgar awaki, ta tabbatar ba a taɓa komai ba. Sannan ta dube ni ta ce, "Talata in kin shiga radiyonki, ki gaya musu wa ya faɗa miki."

Na gaya musu. Ban kama sunan yarinyar ba, na ce wata ƴar Inna ce. Tana ɗaki tana ji. Da na dawo na tarar da sabon akwatin a kan tagata, ba tagarta ba, a buɗe, robar tana ciki.